Talata a Dadin Kowa

Ranar Talata nake yaye masa tamfol,
tun raɓa ba ta sauka daga ciyawa ba.
Warin ne ke fara gaishe ni,
warin ɗakin da aka kulle aka tafi da makulli,
kafin idona ya kai ga ɗigo-ɗigon baƙi
da suka kwana a ɗinkin kujera
kamar an barbaɗa masoro.

Funfuna ba ta sallama.
Danshi take nema, da duhu,
da mai jirgin da ya yi nisa.
A watan Agusta kuwa, a bakin dam ɗin nan,
duka ukun sun hallara.

Sai in fidda kujerun in jera a kan dutse,
in buɗe kowane akwati in bar shi hangame.
Rigunan ceto shida in rataye a reshen gawo,
shi da ba ya riƙe ganye da damina,
rana ta ratsa shi ta same su.
Ruwan khal a gorar lemo da na huda wa murfi,
tsohon burushin haƙori don lungun ɗinki,
soso don fili.
Ba na sa bilic. Na taɓa sawa, ya cinye zare,
Alhaji Gidado ya duba bai ce komai ba,
har yau shirun nan na yi mini zafi.

Jingi, ɗan ƙanwata, ke kwalfe ruwan ciki da gwangwani.
Yana ƙirgawa, ya ɓata a arba'in, ya sake.
Ya ce, Kawu, abin da ke kwana a ruwa
wane wanka kuma yake so?
Na ce, miƙo sabulun.
Na shiga har ƙugu ina kankare gansakuka,
na warware zaren masunta daga farfela,
na goge farin garin da ya hau kan batir,
na shafa masa giris da ɗan yatsa.

Mai shi sau biyu yake zuwa a shekara.
Zagaye biyu, hoto, gasasshen kifi,
kafin magariba motarsa ta kama hanyar Gombe.
Bana ko sau ɗaya.
Kuɗi dai na shigowa ta waya,
da saƙo gajere: a kula da shi.
Jiya a ƙarƙashin kujerar baya
na tsinci takalmin jikarsa, wari ɗaya,
ya yi furfura kore. Shi ma na wanke.

Inji in ya daɗe bai yi tari ba, ya mutu,
don haka nake tada shi mu ɗan taka.
Daidai inda tsaunin can ya raba kafaɗa da ɗan'uwansa
nake kashe shi.
Jingi na zaton mai nake tattali.
Nan ƙasa gonar babana take,
da tsamiyar da muke ajiye goran fura,
gaba nawa ban sani ba.
Ba mu taɓa zancen ba, ni da shi, har ya rasu.
Mun rufe shi da danshinsa.

Mu dawo. Rana ta karkata.
In danna tafin hannu a kan kowace kujera,
in kai kunci, don hannu na yin ƙarya.
In da sauran sanyi, ba rufi,
ko da hadari ya haɗo daga gabas
Jingi na tsalle yana nuna mini.

Sai ta bushe ƙayau nake ja masa tamfol,
in tokare tsakiya da sanda kada ruwa ya kwanta,
in bar ƙofa ta baya, faɗin hannu,
inda iska za ta shiga ta fita.
Takalmin kuwa na ɗora a kan sitiyari,
inda za a gan shi.